Ruwan zartsi da laushin ɓawon ƙwai

Assalamu alaikum, ƴan uwa masu kiwon kajin ƙwai a Tahoua. Idan kun ga ƙwai yana fashewa tun a hannu wajen tsinta, ko ɓawonsa ya yi laushi kamar takarda, ku ɗanɗana ruwan da kajin ke sha kafin ku zargi abinci. Ɓawon ƙwai kusan dukkansa alli ne, kuma gishirin da ke cikin ruwan zartsi yana rage wa jikin kaza sinadarin bikarbonat da take haɗawa da kalsiyam ta gina shi. Lamarin ya fi tsananta a Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, kaji na haki suna shan ruwa babu ƙaƙƙautawa. Abin da ya fi damuna shi ne, ko an canza ruwan, wasu kajin ba sa saurin komawa daidai.

Duk wanda ya ga farin gishiri ya bushe a bakin mazubin ruwa, ya kai ruwan rijiyarsa a auna. Ƙasa da miligiram 1000 na narkakkun gishiri a lita shi ake so. Idan ya haura, a gauraya shi da ruwan famfo, sannan a nemi likitan dabbobi ya rage gishirin abincin.