Kurakuran da aka fi yi wajen magani da citta da tafarnuwa

Da zarar hunturu ya kama, mura da tari suka fara zagaya gidaje, da wuya ka shiga gidan da ba a ɗora tukunyar citta da kanumfari ba, ko ba a dandaƙa tafarnuwa a zuma ba. Wannan al'ada tana da tushe, domin kayan nan biyu suna ɗauke da sinadarai masu aiki a jiki. Sai dai abin da yake da ƙarfin yin amfani yana da ƙarfin yin illa, kuma yawancin cutarwar da ake samu ba daga cittar ko tafarnuwar take zuwa ba, daga hannun mai sarrafa su ne.

Kuskuren da ya fi yawa a kan tafarnuwa shi ne yadda ake shirya ta. Wasu suna haɗiye ƙwayarta ɗungurungum da ruwa kamar ƙwayar asibiti don gudun wari, wasu kuma suna jefa ta cikin ruwan da ke tafasa da zarar sun ɓare. Dukansu sun yi asarar abin da suke nema. Sinadarin da ake kira alisin, wanda masana biyu a Amurka, Cavallito da Bailey, suka ware a 1944, kuma shi ne mai warin nan da yajin nan, ba ya cikin tafarnuwar da ba a fasa ba. Sai an daka ko an dandaƙa ta sannan wasu sinadarai biyu da ke ajiye a wurare daban-daban cikin ƙwayar suke haɗuwa su haifar da shi, kuma zafin wuta yana kashe wanda yake haɗa aikin. Gyaran mai sauƙi ne: a daka ta, a bar ta kamar minti 10, sannan a zuba a abinci dab da saukewa, ko a haɗa da abincin da aka riga aka zuba a kwano. Ƙwaya ɗaya zuwa biyu a yini sun ishi babban mutum. Mai zuwa sallar jam'i kuma ya tuna da hadisin da ya hana wanda ya ci ɗanyar tafarnuwa kusantar masallaci, sai ya zaɓi lokacin da warin zai gushe kafin ya shiga sahu.

Daga nan sai batun yawa, wanda a ganina shi ne tushen sauran kurakuran. Mutane da dama suna auna ingancin haɗi da zafinsa, idan bai ƙona maƙogwaro ba sai a ce bai ji citta ba. Ya kamata a san cewa ɗanyar citta da busasshiya ba ɗaya ba ne. Idan citta ta bushe, wani ɓangare na sinadarinta mai suna jinjarol yakan rikiɗe ya zama shogawol, wanda ya fi shi yaji, ga shi kuma ruwan jikinta ya fita, don haka cokali ɗaya na garin citta ya fi cokali ɗaya na gurzajjiyar ɗanya ƙarfi nesa ba kusa ba. Cittar Kudancin Kaduna, irin ta Kaciya da Kwoi da Kagarko, an san ta da yaji har a kasuwannin ƙetare, saboda haka mai amfani da ita ya fi kowa buƙatar sassauta hannu. Abin da aka saba bayarwa a matsayin iyaka ga babba mai lafiya shi ne giram 4 na gari a yini, kimanin ƙaramin cokalin shayi biyu ke nan, kuma a cikin lissafin har da wadda ta shiga shayi da zoɓo da kunu da yaji. Wanda ya zarce haka yakan gamu da ƙwannafi, zafin ciki ko gudawa. Mai gyambon ciki da ya sha haɗin citta da tafarnuwa da lemun tsami kafin ya karya kumallo, ko ya yi buɗa-baki da shi a watan azumi, shi ya tsokano ciwon da kansa. A sha bayan an ci abinci, a kuma tsinka shi da ruwa.

Mai juna biyu tana da nata ma'aunin. Citta na daga cikin 'yan tsirarun kayan gargajiya da bincike ya nuna suna rage tashin zuciya da amai na laulayi, amma adadin da aka fi gwadawa shi ne kimanin giram 1 a yini, wato kusan rabin ƙaramin cokali, a rarraba shi sau uku ko huɗu. Matar da take zubar jini, ko aman ya hana ta riƙe ko da ruwa, wurin awo za ta nufa.

Akwai kuskuren da yake sosa mini rai fiye da saura, domin yara da mata ne suka fi shan wahalarsa, shi ne ɗora ɗanyar tafarnuwa a fata ko cusa ta a wata kafa ta jiki. Ana dandaƙa ta a manna a kan makero ko ƙurji ko gaɓar da ke ciwo, a ɗaure da tsumma a kwana da ita, da safe a kwance a tarar fata ta yi bororo kamar an zuba ruwan zafi. Ƙuna ce ta gaske, kuma takan bar tabo, musamman a fatar jariri da ta mai ciwon suga wanda rauninsa ba ya saurin warkewa. Haka nan mata da ake ba wa shawarar yin matsi da ita don maganin sanyi, da masu tura ta cikin kunne ko hanci ko ramin haƙori. Ganin cewa ruwan tafarnuwa yana kashe ƙwayoyin cuta a kwanon gwaji ba ya nufin zai yi haka a waɗannan wurare masu laushi ba tare da ya ƙona su ba. Idan an riga an yi, a cire ta nan take, a wanke wurin da ruwa mai yawa, kada a fasa bororon, kuma idan ƙunar tana da faɗi ko a jikin yaro take, a kai asibiti.

Ajiya ma tana da nata haɗarin da mutane ƙalilan suka sani. Ana yanka tafarnuwa a zuba a kwalba, a cika da man zaitun ko man gyaɗa, a ajiye a ɗaki makonni ana ɗiba. Tafarnuwa a cikin ƙasa take girma, tana iya ɗauko irin wata ƙwayar cuta mai suna kulostiridiyam botulinam, wadda ba ta bunƙasa sai inda babu iska, kuma mai yana toshe iskar. Gubar da take fitarwa tana shanye jijiyoyi, ta fara da nauyin fatar ido da gani biyu-biyu da wahalar haɗiya, har ta kai ga numfashi, kuma sau da yawa ba a gane ta da wari ko ɗanɗano. A 1985 mutane fiye da 30 sun kamu da ita a birnin Bankuba na Kanada sanadiyyar yankakkiyar tafarnuwa a mai da ba a sanya a firji ba. A haɗa kaɗan, a sa a firji, a ƙarar cikin kwana 4, kuma inda wutar lantarki ba ta tsayawa a haɗa na yini guda kawai. Irin wannan ƙwayar ce ta sa ake hana ba wa jaririn da bai cika shekara 1 ba zuma, ko da da citta ko tafarnuwa aka haɗa ta don tari. Busasshiyar cittar da ta yi fumfuna kuwa zubar da ita ake yi, domin tafasawa ba ta kashe gubar da fumfuna ke bari.

Sai masu shan maganin asibiti na yau da kullum. Tafarnuwa tana rage saurin daskarewar jini, citta ma ana yi mata wannan zato, saboda haka mai shan maganin tsinka jini irin wafarin ko asfirin da ya ƙara da haɗi mai ƙarfi zai iya ganin haɓo, jinin dasashi, ko rauni ya ƙi tsayawa. Wanda aka sa wa ranar tiyata ya dakatar da shan su a matsayin magani mako ɗaya zuwa biyu kafin ranar, ya kuma gaya wa likita. An tabbatar cewa ƙwayoyin tafarnuwa na kanti suna rage adadin sakwinabir, ɗaya daga magungunan cuta mai karya garkuwar jiki, da kusan rabi a cikin jini. Mai shan maganin suga ya riƙa auna sugansa idan ya fara shan citta da yawa. Ɗan abin da ake sa wa miya ba shi ne abin damuwa ba, haɗin da ake sha safe da yamma shi ne ya kamata likita ko mai ba da magani ya sani, kuma babu abin kunya a faɗa masa.

Mafi tsada a cikin kurakuran shi ne ajiye maganin asibiti a koma ga haɗin gida. Gaskiya ne tafarnuwa tana ɗan sauko da hawan jini ga wasu, amma saukin kaɗan ne, bai kai ya maye gurbin ƙwayar da likita ya rubuta ba, kuma hawan jini ba ya sallama kafin ya kawo shanyewar ɓarin jiki. A 2020, lokacin da saƙonni suka cika wayoyi cewa tafarnuwa tana kare mutum daga korona, sai da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito ta bayyana cewa babu hujjar hakan. Shayin citta yana ɗumama jiki ya lafar da kaikayin maƙogwaro, amma ba ya kashe ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ko ta taifot. Yaron da jikinsa ya yi zafi a kai shi gwajin jini a cikin awa 24, kada a tsaya jiran haɗi ya yi aiki, kuma tarin da ya wuce mako biyu, musamman idan da rama da gumin dare, a je a gwada majina don tarin fuka, wanda ake ba da maganinsa kyauta a cibiyoyin gwamnati a Nijeriya.