Yadda ake haɗa matatar sauti mai TL072 don lasifikar bas

Lasifikar bas ba ta son murya ko ƙarar kuge, amon ƙasa kawai take buƙata. Aikin matatar shi ne ta bar abin da ke ƙasa da kusan Hz 100 (Hz ma'aunin yawan kaɗawar sauti ne a daƙiƙa ɗaya) ya wuce, ta danne na sama. Tsarin da za a bi shi ne na injiniyoyi biyu, Sallen da Key, wanda suka fitar a 1955 a Amurka. Ba ya buƙatar naɗin waya, shi ya sa ya fi sauƙi ga mai gyara a Damagaram.

A tanadi TL072 guda (ƙaramin IC ne mai ƙafa takwas, da ampli biyu a cikinsa), rezistans biyu na 15k, ɗaya na 10k, ɗaya na 5.6k, ɗaya na 100k, da kondansater biyu na 100nF, masu lamba 104. Wuta kuwa volt +12 ce a ƙafa ta 8, da volt -12 a ƙafa ta 4.

A fara da rabin TL072 na biyu. Sauti ya shiga ƙafa ta 5, da rezistans 100k daga nan zuwa ƙasa (wato wayar volt 0), a haɗe ƙafa ta 6 da ta 7. Masu gaggawa kan tsallake wannan, sai juriyar maɓallin ƙara sauti ta haɗu da ta matatar, wurin yankan, wato inda matatar ke fara danne sauti, ya riƙa gusawa duk sadda aka murɗa.

Daga ƙafa ta 7 a jera 15k biyun har zuwa ƙafa ta 3. Kondansater ɗaya ya tashi daga ƙafa ta 3 zuwa ƙasa. Na biyun ya tashi daga mahaɗar rezistans biyun zuwa ƙafa ta 1, inda sauti ke fita. Lissafin wurin yanka shi ne 1 a raba da 2πRC, inda R ke nufin 15k, C kuma 100nF, wanda ya ba da kusan Hz 106.

Sai 5.6k tsakanin ƙafa ta 1 da ta 2, da 10k daga ta 2 zuwa ƙasa. Ƙarin ƙarfi ya zama 1.56, dab da 1.586 da ake nema don amon ya fito a miƙe, irin na Butterworth. Nan ake yawan ɓata aiki. Wani sai ya ɗaga 5.6k don bas ya ƙara duka, alhali a wannan tsari ƙarin ƙarfi shi ke tsara siffar yankan. Ya wuce 2, amo zai yi tozo a wurin yanka. Ya kai 3, matatar ta kama gunji ita kaɗai, kuma lasifika ce za ta sha wahala.

Kondansater ya zama na foliyesta. Ƙananan na yumɓu masu araha darajarsu na sauka da zafi, ga Afrilu da Mayu a Zinder sama da digiri 40, balle cikin akwatin ampli.

Gwaji da wayar hannu ake yi, da manhajar fitar da amo da mita a kan AC. A shigar da volt 0.5, a auna a ƙafa ta 1. A Hz 30 a ga kusan 0.78, a Hz 106 kusan 0.54, a Hz 212 kusan 0.19.

In an ji gurnani, wutar gari ce mai Hz 50, kuma matatar ba za ta cire shi ba tunda yana cikin abin da take bari ya wuce. A sa waya mai sulke a mashiga, a tara duk wayoyin ƙasa wuri ɗaya, a nisanta allon daga taransifoma, sannan a manna 100nF daga ƙafa ta 8 da ta 4 zuwa ƙasa, kusa da TL072 ɗin.