Yadda za ka fara koyon yaren Koriya

In dai finafinan Koriya ne suka ja ka kamar yadda suka ja ni, to kar ka fara da haddace kalmomi a rubutun boko, fara da haruffansu, Hangul. Ido ne kawai ke jin tsoro. Sarki Sejong ne ya sa aka ƙirƙire su a 1443 don talaka ma ya iya karatu ba sai ya sha wahalar rubutun Sinawa ba, kuma haruffan asali da ake amfani da su a yau 24 ne kacal, baƙaƙe 14 wasula 10. Sai dai ba a jere ake rubuta su kamar namu ba, ɗora su ake yi gaɓa-gaɓa kamar bulo, ㅎ da ㅏ da ㄴ su haɗu su ba da 한, wato han. Ni sati ɗaya na yi ina kwafarsu a tsohon littafin ƙanena bayan sallar isha, sai gani ina karanta allon shaguna a cikin fim, ban san ma'anar ba amma dai ina karantawa.

Rubutun boko yaudararka zai yi, kaga eo ɗin nan na Seoul ba e da o ba ne, sauti ɗaya ne, kusa da o amma baki a buɗe.

Daga nan sai gaisuwa. Annyeonghaseyo ita ce sannu, safe da rana da dare duk ita ce. Gamsahamnida na gode, joesonghamnida yi haƙuri, kalmar ne ita ce eh, aniyo a'a. Wajen sallama kuma su ma suna bambantawa kamar mu, mai tafiya ka ce masa annyeonghi gaseyo, kamar sauka lafiya kenan, wanda zai zauna kuma annyeonghi gyeseyo. Kalmar da na fi so ita ce juseyo, a taimaka a ba ni, kawai ka sa sunan abu a gabanta: mul juseyo a ba ni ruwa, keopi juseyo a ba ni kofi. Ba su da f, p suke sawa, mu da muke cakuɗa su biyun nan kam sai mu ce mun samu ƴan uwa. Ka lura aikatau a ƙarshe yake zuwa, ruwa tukuna sannan ba ni.

Amma fa a kula, maganar da kake ji abokai na yi a fim sunanta banmal, ta tsara ce da ƙananan yara, ka yi wa babba ita tamkar ka kira kawunka da gatsal ne. Ka riƙe mai ƙarewa da yo. Haka oppa, mace ce ke kiran yayanta namiji da shi, namiji hyeong zai ce, don haka malam kar ka je kana ce wa ƙato oppa.

Ƙirge kala biyu ne, hana dul set da kuma il i sam, duka ɗaya biyu uku kenan, awa da na farko ake faɗa, minti da kuɗi da na biyu, wannan kam sai a hankali. Kafin nan ka haddace eolmayeyo, nawa ne, sai kuma dwaejigogi mot meogeoyo, ba na cin naman alade, don yana yawa a girkinsu har cikin romo.