Kurakuran Uban da Ke Horar da 'Yarsa a Sofbol, da Yadda Ake Gyara Su

Shekara huɗu na yi ina riƙe da ƙungiyar sofbol ta 'yan matan unguwarmu a nan Amurka, 'yata ta fari tana cikinsu. Ga wanda bai san wasan ba, ɗan'uwan besbol ne. A Shikago aka fara shi a 1887, ƙwallonsa ta fi ta besbol girma, mai jifa kuma ta ƙasa take sako ta bayan hannunta ya zagayo kamar fanka. Tun da Little League, hukumar da ke shirya wa yara gasar besbol, ta buɗe sashen sofbol a 1974, iyaye ne ke ɗauke da yawancin aikin horarwa, ba ko sisin kwabo. Don haka kusan duk kocin da ka gani yana da ɗiya a fili.

Kuskuren da kowa ya sani shi ne fifiko. Amurkawa har suna suka yi masa, wato "ƙwallon baba": 'yar koci ce mai jifa, ita ke bugu na uku ko na huɗu a jeri, gurbin gwanaye, ita kaɗai ba ta san zaman benci ba. Iyaye suna kallo, yaran kuwa sun fi iyayensu gani. Gyaransa bai da wuya. Ka bar wa mataimakinka hukuncin inda 'yarka za ta tsaya, ka kuma riƙe littafi kana rubuta wa ya buga ina a kowane wasa. A Little League an wajabta wa kowace yarinya samun rabonta na bugu da tsaron fili, amma wannan ƙaramin haƙƙi ne kawai. Yarinya 'yar shekara tara ya kamata ta ɗanɗani cikin fili da bayansa kafin a ce ga gurbinta.

Amma mu Hausawa ba nan muka fi faɗawa ba. Namu kuskuren kara ce. An raine mu a kan cewa uba ba ya yabon ɗansa a gaban mutane, balle ɗan fari, wanda ko sunansa wasu ba sa iya kira. Da wannan alkunyar na shiga fili, na haɗa da tsoron kada a ce na nuna son kai. Sai ya zama kowace yarinya tana da koci mai tausasa murya, tawa kaɗai ke da mai ɗaure fuska.

Wata Asabar ta ruga da baya ta cafe wata ƙwallo a sama, har ta faɗi ta gurje gwiwa, ba ta sake ta ba. Iyaye suka yi ta tafi. Ni kuwa na sunkuyar da kai ina duba takarda. Da muka shiga mota ta daɗe tana murza igiyar safar hannunta, sannan ta ce, "Abba, da wata ce ta cafe, ai da ka ce ta yi ƙoƙari." Ban sami abin cewa ba. Yarinyar da ta tashi a nan ba ta fassara shirun uba da kara. Abin da take gani shi ne mahaifinta ya yabi yara goma sha ɗaya ya tsallake ta.

Abin da ya taimake ni musanya ce. Mataimakina ma yana da 'ya a ƙungiyar, sai muka yi yarjejeniya: shi ke yi wa tawa gyara, ni ke yi wa tasa. Maganar da zan faɗa ta kawo hawaye, in shi ya faɗa sai ka ga an gyaɗa kai an gyara tsayuwa. Yabo kuwa ban wakilta kowa ba. Ƙungiyar Positive Coaching Alliance, da aka kafa a 1998, tana ba koci shawarar yabo biyar a kan gyara ɗaya. Ka ƙirga naka a atisaye guda, ka ga nawa ne ya isa ga 'yarka.

Sai motar komawa gida. Sauran yara da an tashi sun rabu da koci, taka kuwa da shi za ta tafi, da shi za ta ci abincin dare. Kada ka mayar da motar ɗakin bita. Ni hular ƙungiya nake cirewa in jefa a but kafin in tada mota, tambayata ta farko kuma ita ce, "Me za ki ci?" In ita ta ɗauko zancen wasan, ka saurara. In ba ta ɗauko ba, gobe ma rana ce.

Iyayen masu jifa suna da nasu ciwon daban. Za ka gan su da yamma zaune a kan bokiti suna cafe wa 'ya'yansu, kowa yana tuna Jennie Finch, wadda mahaifinta Doug ya koya wa jifa har ta ci zinare a Olamfik ta 2004. Abin da ake mantawa shi ne jikin yarinya yana kan girma. A rukunin 'yan shekara goma zuwa ƙasa, tazarar jifa ƙafa 35 ce, ƙwallo kuma inci 11. Da ta haura sai a koma ƙafa 40 da inci 12, daga baya ƙafa 43. A kowane hawa jifarta za ta ɗan rikice, ba lalaci ba ne. Akwai kuma maganar da ta yaɗu wai jifa ta ƙasa ba ta gajiyar da hannu. Kafaɗa da baya suna jin jiki sarai, musamman a gasar ƙarshen mako da ake buga wasa uku ko huɗu a yini. Ka horar da masu jifa uku, ka saya wa kowacce abin kare fuska, kuma duk wadda ta ce kafaɗarta na ciwo ta gama na ranar, ko da wasan ƙarshe ne.

Game da sauran iyaye, ka tara su kafin a fara kakar wasa, ka faɗi tsarinka a fili, ka roƙe su duk mai ƙorafi ya kwana da shi kafin ya kira ka. Kada ka yi wa alƙalin wasa tsawa. Sau da yawa matashi ne da ke koyo, kuma 'yarka tana jin muryarka fiye da ta kowa.

Abin da na fi jinkirin yi shi ne tambayarta. Ban taɓa tunanin ta yiwu tana son wani kocin ba, sai da mahaifiyarta ta ce in tambaya. Shekara biyu tana cewa in ci gaba. Da ta cika sha biyu ta ce, "Abba, ina so in riƙa juyowa ina ganinka a wajen 'yan kallo." Na miƙa wa mataimakina littafin da buhun ƙwallaye. Yanzu kujerata tana bayan shingen waya, daidai bes na uku, wato zango na uku da masu gudu ke takawa, inda take tsayawa.