Yadda ake ɗauka da karanta hoton MRI na jijiyoyin ƙwaƙwalwa bayan allurar gadoliniyom

Jijiyoyi goma sha biyu da ke fitowa daga kowane ɓangare na ƙwaƙwalwa, dama da hagu, suna da shingen da ke hana abin da ke cikin jini tsallakawa cikinsu. Idan kumburi ko ƙari ya fasa shingen nan, gadoliniyom, sinadarin da ake yi wa majinyaci allurarsa don haskaka hoto, ya samu kafar shiga, sai jijiyar ta yi fari a nau'in hoton MRI da ake kira T1. Aikin mai karatu shi ne ya raba hasken cuta da hasken da ake gani a lafiyayyen mutum.

Kafin allura a duba ƙoda. In eGFR, wato ma'aunin aikin ƙoda, ya gaza 30, a tattauna da likitan da ya turo majinyacin, a kuma zaɓi nau'in gadoliniyom da haɗarinsa ya fi ƙanƙanta. Awo shi ne milimol 0.1 ga kowane kilo. Mai kilo 70 zai karɓi mililita 14 na nau'in Dotarem, ko 7 na nau'in Gadovist, don shi ƙarfinsa ninki biyu ne.

A fara da T1 ba allura, kuma ba tare da danne kitse ba, wato ba tare da kashe farin kitse a hoton ba. Masu gaggawa kan tsallake wannan, daga baya su kasa gane ko farin da suke gani gadoliniyom ne, ko ɓargon ƙashi, ko kitse, ko tsohon jini. Sai hoton da ake kira CISS ko FIESTA, mai kaurin da bai kai milimita 1 ba, inda jijiya ke fitowa baƙa a cikin farin ruwan ƙwaƙwalwa. Bayan allura a dakata kamar minti biyar, sannan a ɗauki T1 mai danne kitse, a kwance da kuma ta fuska, kaurin yanka kada ya wuce milimita 3. Yankan milimita 5 na hoton kai na yau da kullum yakan haɗiye ƙaramin ƙari ɗungurungum. In na'ura tana da tsarin ɗaukar hoto na SPACE ko CUBE, sun fi tsarin MPRAGE a wannan aiki, domin suna baƙanta hanyoyin jini, shi kuwa MPRAGE haskaka su yake yi har su yi kama da jijiya mai ciwo.

Jijiya ta bakwai, mai motsa fuska, ita ta fi ruɗa mutane. Daga gwiwarta, wato inda ta lanƙwasa a cikin ƙashin kunne, zuwa sashen da ya ratsa kunnen tsakiya, har wanda ya gangara ta ƙashin bayan kunne, akwai ƙananan hanyoyin jini da suka naɗe ta. Haske a wuraren nan ba cuta ba ne, kuma ba lallai dama da hagu su zo daidai ba. A na'ura mai ƙarfin maganaɗisu 3T ma ya fi fitowa. Inda bai kamata ta yi haske ba shi ne cikin ruwan ƙwaƙwalwa, da cikin ramin kunne na ciki, da bayan ta fita daga ƙoƙon kai. A shanyewar fuska ta Bell, za ka ga siririn haske sumul a ƙuryar ramin, yana bin jijiyar zuwa gwiwa. Da ka ga dunƙule, ko ramin ƙashin ya faɗaɗa, to a nemi ƙari, a kuma sauke hoton har gaban kunne, wurin ƙullin yawu, wato gaɓar da ke samar da yawu.

Jijiya ta biyar, mai jin taɓi a fuska da motsa tsokar tauna, ita ma haka take. A kafofin da rassanta na biyu da na uku ke fita, zoben haske ne ke kewaye da jijiya mai duhu a tsakiya. Idan tsakiyar ta cike da haske, jijiyar ta yi kauri, kitsen da ke bakin kafar ya ɓace, wannan alamar cutar kansa ce mai bin jijiya daga fata, baki ko ƙullin yawu. A dubi tsokar tauna ta wannan ɓangaren, sau da yawa ta riga ta motse.

Dunƙule mai haske a kan jijiya ta takwas, ta ji da daidaita jiki, yawanci shuwanoma ne, wato ƙarin da ke tsirowa daga rufin jijiya. In ya kama kunnuwa biyu, a tuna da NF2, cutar gado mai haifar da ƙari a jijiyoyi. Jijiyar gani kuwa kitse ne ya lulluɓe ta, sai an danne shi. Hasken cikin jijiyar kumburi ne, layi biyu a gefunanta kamar titin jirgin ƙasa kuma ya fi nuna meninjiyoma, wato ƙarin rufin jijiyar.

Danne kitse kan gaza kusa da iskar kogunan hanci da ƙarfen haƙori, ya bar farin da ba na gaskiya ba. Dabarar danne kitse ta Dixon ta fi jure wannan. Abin da ya fito a yanka ɗaya kaɗai, a tabbatar da shi ta wata fuskar.

Idan jijiyoyi da yawa suka yi haske lokaci guda, a ƙara hoton FLAIR, mai baƙanta ruwan ƙwaƙwalwa, bayan allura don ganin rufin ƙwaƙwalwa. Tarin fuka, limfoma (kansar kaluluwa), sakoyidosis (wata cutar kumburi) da kansar da ta bazu duk suna iya zuwa da kama ɗaya, don haka a rubuta a rahoto cewa ana buƙatar hoton laka da gwajin ruwan baya.