Yadda na gyara PS2 da ta ƙi karanta faifai

Alhamdu lillahi, PS2 ɗina siririya, na'urar wasan bidiyo, ta dawo aiki. Tun shigowar hunturu ta fara: faifai ya juya, ta yi ƙas-ƙas, sai jan allo ya fito a tele.

Na goge faifan ƙwallo, na aro wani wajen maƙwabci, duk ɗaya. Canza waya ma bai yi komai ba.

Wani mai gyara a kasuwar Dole ya ce, "Ɗan'uwa, ƙurar Damagaram ce ta rufe mata ido." Gaskiyarsa. Na cire ta daga wuta, na buɗe murfin faifai. Idon, wato ɗan gilashin da ke karanta faifai, na nan a fili, ba sai an kwance ƙusa ba. Na jiƙa audugar goge kunne da alkol 90 na farmasi, ɗigo ɗaya kawai. Na shafi idon a hankali ba dannawa, don a kan siraran wayoyi yake lilo. Na bi da busasshiyar auduga, na jira minti 10. Kada a hura da baki, danshi na ɓata shi.

Ina kunnawa wasa ya tashi. Allah ya saka wa mai gyaran da alheri. Yanzu da ƙyalle nake rufe ta bayan wasa.