Yadda za ka auna maganar antioksidan kafin ka kashe kuɗinka

A kasuwannin Garwa da Marwa, da cikin motocin da ke zuwa Ngaundare, masu tallar magani sun riƙe wata kalma da suke ɗorawa a kan kusan kowace kwalba da kowane ƙullin gari, wato antioksidan. Za ka ji an ce tana wanke jini, tana hana tsufa, tana korar ciwon suga da hawan jini. Kalmar ta gaskiya ce, daga ɗakunan bincike ta fito, amma yawancin abin da ake jingina mata bai tsallake gwaji ba, kuma mutumin da ya san yadda ake auna irin wannan magana zai tsira da kuɗinsa da lafiyarsa.

Ka fara da fahimtar abin da ke faruwa a cikin jiki. Duk lokacin da ƙwayoyin jiki suka ƙona abinci da iskar oksijin don samar da ƙarfi, wasu ƙananan sinadarai marasa natsuwa suna fitowa, waɗanda ke iya taɓa kitse da furotin da kayan gado na ƙwayar halitta, kamar yadda danshi ke cin ƙarfe har ya yi tsatsa. Antioksidan shi ne duk sinadarin da ke tare wannan ɓarna. A 1956 wani masani a Amurka, Denham Harman, ya kawo ra'ayin cewa wannan ɓarna tana da hannu a tsufa, sannan a 1985 Helmut Sies na Jamus ya fayyace yanayin da ɓarnar ke rinjayar kariyar jiki. Abin da masu talla ba sa faɗa shi ne jiki yana ƙera babbar kariyarsa da kansa, irin su sinadaran gulutatayon da katales, kuma fararen ƙwayoyin jini da waɗannan sinadarai masu kaifi suke kashe ƙwayoyin cuta. Haka ma kumburi: wanda ke biyo bayan rauni ko zazzaɓi hanyar warkewa ce, wanda ke da haɗari shi ne mai daɗewa a ɓoye shekara da shekaru, wanda aka danganta da ciwon zuciya da ciwon suga da wasu nau'o'in ciwon daji.

Idan aka nuna maka kwalba aka ce bincike ya tabbatar, tambayar farko ita ce: a kan wa aka gwada? Sinadarin da ya yi aiki a kwalbar gwaji ko a jikin ɓera bai zama lallai ya yi aiki a jikin ɗan Adam ba, domin hanji ba ya tsotse komai, hanta kuma tana sauya abin da ya shiga. Ma'aikatar noma ta Amurka ta taɓa wallafa jerin abinci da makin ƙarfin antioksidan na kowanne, amma a 2012 ta janye shi, saboda makin ba ya nuna abin da ke faruwa a jikin mutum, kuma 'yan kasuwa sun mayar da shi kayan talla.

Tambaya ta biyu ita ce ko an raba mutane kashi biyu ta hanyar ƙuri'a, aka ba wasu maganin, wasu kuma aka ba su ƙwayar da ba ta da komai a ciki, sannan aka bi su shekaru. A nan ne labarin ya ba likitoci mamaki. An daɗe ana lura cewa masu cin ganye da 'ya'yan itace da yawa ba su cika kamuwa da ciwon dajin huhu ba, sai aka yi zaton sinadarin beta-karotin, wani antioksidan da ke ba karas launinsa, shi ne sirrin. A ƙasar Finlan aka gwada shi a kan maza masu shan taba kimanin 29,000, kuma sakamakon da ya fito a 1994 ya nuna ciwon dajin huhu ya ƙaru da kashi 18 cikin ɗari a wurin waɗanda suka sha ƙwayar. Wani gwaji na beta-karotin haɗe da bitamin A a Amurka mai mutane kusan 18,000, masu shan taba da ma'aikatan da suka shaƙi ƙurar asbestos, an tsayar da shi a 1996 kafin lokacinsa, domin ƙarin ya kai kashi 28. Bitamin E, wanda shi ma antioksidan ne, bai tsira ba: a gwajin maza kimanin 35,000 da aka bayyana sakamakonsa a 2011, ciwon dajin furostet, ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, ya ƙaru da kashi 17. A ganina duk mai shan taba ya kamata ya ji waɗannan alƙaluma kafin ya karɓi kwalbar da aka ce za ta wanke masa huhu.

Kada wannan ya sa a guji kowane bitamin. Ɗigon bitamin A da ake bai wa yara daga wata 6 zuwa wata 59, da ƙwayar ƙarin jini da ake ba masu juna biyu a wurin awo, suna cike giɓi ne na gaske, kuma amfaninsu tabbatacce ne. Bambancin yana tsakanin cike rashi da ɗura wa jikin da ba ya buƙata.

Abin da ya rage da ƙarfinsa a cikin bincike shi ne abinci kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ci aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itace kowace rana, kusan cikin hannu biyar ke nan, ban da rogo da dankali. Mu a arewa ba mu rasa abin cika wannan mudu ba. Garin 'ya'yan kuka da gwaiba suna da bitamin C mai yawa. Mangwaro na bazara da kabewa da karas da man ja suna ba da karotin. Ga zogale da yakuwa da rama da tafasa da lalo, ga albasa da tumatir da ake nomawa a bakin rafukanmu. A wajen tafkin Chadi mata Kanembu sun daɗe suna kwasar dihe, wani koren tsiro na kan ruwa, suna shanyawa suna sa wa miya, abin da ake sayarwa da tsada a Turai cikin kwalba da sunan sifirulina.

Yadda uwargida ta sarrafa ganyen yana da nauyi kamar sayensa. Bitamin C yana narkewa a ruwa kuma zafi yana lalata shi, saboda haka a wanke ganye kafin a yanka, a sa shi a ƙarshen dahuwa, kada a zubar da ruwan da ya dahu a ciki idan ba mai ɗaci ba ne. Kanwa tana sa ganye ya yi laushi ya yi kyan launi, amma tana kashe bitamin C, don haka a rage ta gwargwadon iko. Karotin kuwa sai da ɗan mai ko gyaɗa jiki ke tsotse shi sosai, wanda ya sa kwaɗon zogale da ƙuliƙuli haɗi ne mai ma'ana. A shanya ganye a inuwa, ba a tsakiyar rana ba. Zoɓo yana da kyau, har wasu gwaje-gwaje sun nuna yana ɗan sauke hawan jini, sai dai sukarin da ake zuba masa yakan cinye ribar, kuma ba ya maye gurbin maganin likita.

Rage tushen ɓarnar ya fi neman abin kashe ta. Taba ce kan gaba, sai hayaƙin itace a madafin da ba shi da taga, wanda mata da goyonsu ke shaƙa kullum. Man suya da aka maimaita har ya yi baƙi a zubar da shi. Gyaɗa da masara da suka yi fumfuna suna ɗauke da gubar afalatoksin, wadda dahuwa ba ta kashewa, kuma idan ta haɗu da ciwon hanta nau'in B haɗarin dajin hanta yana ninkuwa. A tsince ƙwayoyin da suka lalace, a tabbatar amfanin gona ya bushe kafin ya shiga rumbu, a kuma kai jarirai rigakafin ciwon hanta nau'in B.

Akwai waɗanda taka-tsantsan ya wajaba a kansu fiye da kowa. Mutane da yawa a yankinmu, musamman maza, an haife su da ƙarancin sinadarin G6PD, wanda ke kare jajayen ƙwayoyin jini, kuma a wurinsu wasu magunguna irin su firimakwin na zazzaɓin cizon sauro, da ƙwallon kafur da ake sa wa tufafi, har da bitamin C mai yawan gaske ta jijiya, suna iya fasa jinin. Idan fitsari ya koma kalar baƙin shayi kuma idanu suka yi rawaya bayan shan wani abu, a tafi asibiti a ranar. Allurar gulutatayon da ake yi don hasken fata ba ta da ingantaccen gwajin da ya nuna amincinta, a nisance ta. Mai sikila, da mai ciwon ƙoda, da mai juna biyu, da wanda ke kan maganin tarin fuka ko na cuta mai karya garkuwar jiki ko na ciwon daji, kada ya ƙara komai a kan maganinsa sai ya ɗauki kwalbar da kanta ya kai wa likita ko mai harhaɗa magani, a karanta abin da ke cikinta da adadinsa.